Wa ta taɓa ɗinka kayan ninƙaya da kanta a gida?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Tambaya gare ni, kuma don Allah a faɗa min gaskiya ko da za ta karya min gwiwa. Tun haihuwata ta uku bayana yake damuna. Likitan da nake gani ya ce in rage jiki amma ban da gudu da tsalle, in nemi ruwa in riƙa ninƙaya sau biyu a mako. Allah ya taimake ni na samu wani wuri a nan Kaduna da yake ware wa mata zalla safiyar Asabar da yammacin Laraba, mai koyarwar ma mace ce. Kaya ne suka tsaya min. Ranar farko na je da riga da wando na auduga, aka ce ba a shiga da auduga. Na sayi na kanti, irin guda ɗayan nan da ake zurawa ta ƙafa, faɗin ya yi min daidai amma tsawon bai kai ba saboda ni doguwa ce, sai ya riƙa cin kafaɗata har ta yi shati. Na fi shekara goma ina ɗinki, atamfa, leshi, shadda, amma ban taɓa sa almakashi a laikira, yadin nan mai talewa, ba. Kekena baƙin nan ne na ƙafa. Zai yiwu in ɗinka da kaina? Yadi nawa zan saya, kuma wace allura?

Ummu_Sudais:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ki lafiya Maman Ilham. Ni ma na shimfiɗa tabarma a nan ina jiran amsa, makarantar su 'yata ta ce a kawo irin kayan.

Anti_Bilki_Kano:
Zai yiwu ƙanwata, na ɗinka wa kaina da 'ya'yana. Amma kafin ki taɓa yadi akwai abin da za ki fara cirewa daga ranki. Duk ɗinkin da muka koya ƙari ake yi. Kin auna mazaunai 40, ki yanka 42 ko 43 don mutum ya sake, ya zauna, ya yi ruku'u da sujada. Kayan ruwa ragi ake musu. Idan mazaunanki 40 ne, kayan su tashi a kusan 36. Haka ƙirji, haka ƙugu, ki cire kamar kashi ɗaya cikin goma. Hannunki zai yi ta rawa lokacin yankan, za ki ga kamar na yarinya kike yankawa, ki daure. Laikira tana saki idan ta jiƙe. Wanda kika yanka daidai jikinki a busasshe, da kin shiga ruwa zai zama buhu, ruwa ya cika shi yana jan ki.

Sai awon da ya ba ki wahala a na kantin. Mu teloli ba mu saba ɗaukarsa ba, shi ne awon zagayen gangar jiki. Ki ɗora bakin tef a tsakiyar kafaɗa, ya sauko ta kan ƙirji, ya ratsa tsakanin ƙafafu, ya hau ta baya ya koma inda ya fara. Ki sa wata ta riƙe miki, kina tsaye sosai. Shi wannan ragi kaɗan ake masa, inci 2 ko 3 sun isa, in kika zarce haka kin koma gidan jiya, kafaɗa za ta ci gaba da kuka. Masu kanti suna ɗinka wa matsakaicin tsawo ne, shi ya sa dogaye da gajeru suke shan wuya.

Yadi ɗaya mai faɗin inci 60 ya ishe ki na guda ɗaya marar hannu, sai wani yadi ɗaya na shafi.

Zee_Fashion22:
Anti Bilki ki yafe ni, inci huɗu fa kika ce a cire? Ba zai hana mutum numfashi ba?

Anti_Bilki_Kano:
Ba zai hana ba Zee, muddin yadin na gaskiya ne. Ki ɗauko legins ɗinki ki shimfiɗa ki auna ƙugunsa, sannan ki auna naki. Gani ya kori ji.

Hajiya_Mai_Yadi:
Tunda an zo kan yadi bari in sa baki, sana'ata ce. A kasuwa duk abin da yake talewa laikira ake ce masa, alhali ba ɗaya ba ne. Akwai wanda ake hijabi da shi, mai laushi, yana talewa ta gefe ɗaya kawai. Wannan ba na ruwa ba ne. Na ninƙaya yana da santsi da ɗan nauyi, kuma yana talewa ta tsawo da ta faɗi. Yawanci nailan ne kashi 80 da laikira kashi 20, ko foliyesta da laikira. Ita laikirar ma ba yadin ba ce, siririn zaren roba ne da ake saƙawa a ciki, wani kamfanin Amurka mai suna DuPont ya ƙirƙiro shi a 1958, Lycra sunan kasuwarsa ne, mu kuma muka laƙaba wa yadin gaba ɗaya.

In kin je saye ki tafi da tef ɗinki. Ki kama inci 4 ki ja, in bai kai 6 ba cikin sauƙi ki ajiye. Ki juya ki ja ta ɗaya gefen. Sannan ki saki ki gani ko ya koma yadda yake nan take, wanda ya tsaya a miƙe ya riga ya mutu a sito. A Kano ki duba Kantin Kwari da Sabon Gari wajen masu kayan wasanni da na rawa. Ba kowane shago ba ne yake da shi, sai kin yi haƙurin yawo.

Rabi_Zariya:
In ƙara a kan na Hajiya, ki roƙi mai shagon ya yanko miki ɗan ƙyalle, ki jiƙa da ruwan leda ki ɗora a bayan hannunki. In kina ganin fatarki ta ciki, to haka jikinki zai fito a ruwa. Fari da ruwan hoda sun fi kowanne tona asiri. Ni an taɓa sayar min da wani mai araha, da ya jiƙe kamar ba a sa komai ba, Allah ya sa a banɗaki na gwada. Araha ba ta ado.

Maman_Ilham:
Allah ya saka da alheri, ina rubutawa a littafin awona. To maganar keke fa? Nawa miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi.

Fati_Mai_Wibin:
Nan ne gizo yake saƙar, Yaya. Miƙaƙƙen ɗinki ba ya talewa. Yadin zai miƙe, zaren ya ƙi, sai ki ji ɓas ɓas lokacin da kike zura kayan. Zigzag ake buƙata ko injin wibin, wanda yake ɗinke bakin yadi. Shawarata ki yanka a gida, ki kama da fil ko ki kafa da allurar hannu, ki kai wa mai wibin mai zare huɗu ya haɗa miki gefe da gefe da hantsa. Minti goma ya gama. Ki ce masa ya canja allura, kar ya yi miki da wadda ya gama jins da ita. Sa roba a wuya da hammata da cinya kuwa dole sai zigzag, ki nemi maƙwabciya mai keken lantarki.

Inna_Tela_Gusau:
Ni ban yarda cewa dole ba. Mun ɗinka kayan roba da keken ƙafa tun kafin injin wibin ya cika gari. Ki buɗe tsawon ɗinkin, ki sassauta zare kaɗan, ki riƙe yadin gaba da baya kina ɗan jan sa yayin da kike takawa. In kin saki, zaren zai yi lanƙwasa a ciki, ya samu wurin miƙewa. Ki bi layi biyu kusa da juna. Ba kowa ke da kuɗin sabon keke ba 'ya'yana.

Fati_Mai_Wibin:
Gaskiya ne Inna, ana yi, kuma a siket ko hular jarirai yana riƙewa. Tsorona kayan da aka rage musu inci huɗu, kullum a ɗame suke, ga buɗe ƙafa a ruwa. In ya fashe a hantsa a tsakiyar mutane fa?

Inna_Tela_Gusau:
Shi ya sa na ce layi biyu. Amma in da mai wibin kusa, ta kai, ban hana ba.

Anti_Bilki_Kano:
Ko wane keke ne, allura ita ce rabin aikin. Ki nemi mai dunƙulallen baki wadda aka yi don yadi mai talewa, a jikin fakitin za ki ga an rubuta Stretch, lamba 75/11. Allura mai tsini tana yanka zaren robar, ga ta da tsallake, ki yi taku biyar uku ne suka kama. Zare kuma foliyesta, ban da na auduga, yana ruɓewa a ruwa. In keken yana haɗiye yadin a farkon layi, ki sa 'yar takarda a ƙasa ki ɗinka tare, daga baya ki yage ta.

Ummu_Abdallah_01:
Ku yi haƙuri zan faɗi abin da ke raina. Kowa yana ta inci da allura, ba wadda ta tsaya ta tambaya ko ya dace matar aure ta sa irin wannan kaya. Guda ɗayan nan cinya a waje take gaba ɗaya. Ko a tsakanin mata akwai al'aura, daga cibiya zuwa gwiwa, haka muka karanta a Islamiyya. Ban da haka yanzu kowa da waya a hannu, ba ki san wadda za ta ɗauke ki ba. Ina faɗa ne don ƙauna, Maman Ilham.

Zee_Fashion22:
Haba Ummu Abdallah, baiwar Allah ta ce likita ne ya sa ta, kuma wurin mata ne zalla. Tambayar ɗinki ta yi.

Maman_Ilham:
A'a Zee, ki bar ta, gaskiya ta faɗa kuma ban ji haushi ba. Na gode Ummu Abdallah. Ni ma abin ya tsaya min, na kantin da na saya da legins nake haɗa shi. Maigidan ya sani, shi yake kai ni. Wurin kuma ana karɓe wayoyi a ƙofa. Da zan samu yadda zan yi shi guda ɗaya amma ya sauko har ƙasan gwiwa, da na fi kowa murna.

Sadiya_Abuja:
Ai wannan ne ma amfanin ɗinka naki. Wa ya ce guda ɗaya sai mai yankakkiyar cinya? Nawa har ƙauri yake, da hannu zuwa gwiwar hannu, kuma a haɗe yake daga wuya zuwa ƙasa. Ga yadda na fitar da shi ba tare da na sayi zanen kowa ba. Na ɗauki legins da ya zauna min sosai, na zura ƙafa ɗaya cikin ɗaya, na kwantar a kan takardar siminti na zana. Na ɗauki wata matsattsiyar rigar ciki na zana sama. Na haɗa su a ƙugu, na daidaita tsawon da awon zagayen da Anti Bilki ta faɗa. A hantsa na sa ɗan ƙyalle mai siffar lu'ulu'u don ƙafa ta buɗe ba tare da ɗinki ya ja ba.

Abin da za ki yi tunani a kai shi ne ta ina za ki shiga. In wuyan a rufe yake sai da zif. Ki sa na roba, na ƙarfe yana tsatsa. Ni a gaba na sa, inci 14, don na baya sai kin nemi mai ja miki ko ki ɗaura masa doguwar igiya. Ki sa ɗan ƙyalle a bayan zif ɗin kar ya ci fata. Irin wannan zai ci miki yadi biyu, in da dogon hannu ki ƙara rabi. Wani daɗin kuma, kin huta da sa roba a cinya, wanda shi ne ya fi komai wuya. Kalmasa kawai za ki yi da zigzag.

Ummu_Abdallah_01:
To wannan da sauƙi. Amma har yanzu yana fitar da surar jiki.

Sadiya_Abuja:
Yana fitarwa, shi ya sa nake ɗora 'yar riga marar hannu a sama zuwa rabin cinya, da yadin iri ɗaya. Sai dai ki sa mata igiya ko maɓalli ta ciki ki ɗaure da na ƙasan, in ba haka ba da kin shiga ruwa za ta taso ta rufe miki fuska.

Dr_Hauwa_K:
Wannan maganar ta Sadiya a riƙe ta da kyau, ba ta ado ba ce kawai. Yadi mai yawa a ruwa hatsari ne, musamman ga mai koyo. Zani, doguwar riga, babban hijabi, duk suna shan ruwa su yi nauyi, su naɗe ƙafa. Auduga ta fi kowanne, ga shi tana zubar da gashi yana toshe matatar ruwan, dalilin da ya sa aka hana ki ke nan Maman Ilham. Sutura mai kyau a ruwa ita ce wadda ta rufe kuma ba ta yawo. Kan ma hula mai kama kai za ki ɗinka, mai rufe wuya in kina so, ba mayafi ba.

Af, irin kayan da kuke kwatantawa suna da suna, burkini. Wata Musulma 'yar Ostireliya, asalinta Lebanon, Aheda Zanetti, ita ta fito da shi a 2004: wando, riga da hula a haɗe, da yadin ninƙaya. A 2016 wasu garuruwan bakin teku a Faransa, har da birnin Cannes, suka hana sa shi, sai babbar kotun harkokin mulki ta ƙasar ta dakatar da hanin wani gari a watan Agusta na shekarar. A 2022 kuma birnin Grenoble ya ba da dama a wuraren ninƙayarsa, kotu ta hana.

Rabi_Zariya:
Ikon Allah. Can ana faɗa da mace don ta rufe, nan muna faɗa don ba ta rufe sosai ba.

Hadiza_Yamai:
Sannunku 'yan uwa, daga Yamai nike. Mu nan mayo muke ce ma kayan, wurin wankan kuma fisin. Don Allah in kuna ba da awo ku riƙa tunawa da mu, da santimita muke aiki. Na lissafa, inci 40 ya kama santimita 102, in an rage ya dawo wajen 92. Tambayata, mi ya sa kuke cewa ninƙaya? Mu iyo muka sani.

Inna_Tela_Gusau:
Mu ma iyo muke cewa ɗiyata. Duk Hausa ce.

Ummu_Sudais:
A gidanmu kuma wanka kawai ake cewa, "sun tafi wankan rafi", har a rasa wanda ya iya da wanda yake tsoma ƙafa.

Maman_Khalifa_Bichi:
Ummu Sudais kin taɓo inda yake min ciwo. Ni duk wannan zancen kaya, abin da ya sa nake bin sa shi ne yaranmu mata ba sa koyon ruwa sam. Namiji zai saci jiki ya je kududdufi ya koya, ko ya kwaso tsargiya, mace kuwa har ta tsufa ba ta taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarta ba. Kuma ruwa ba ya tambaya. Mu nan ba mu manta da kwalekwalen da ya kife a Bagwai a ƙarshen 2021 ba, yawancin waɗanda suka rasu yara ne 'yan Islamiyya. Duk damina sai an ji labari a Kebbi ko Neja ko Sakkwato. Muna yawan kawo maganar da ake jingina wa Sayyidina Umar cewa a koya wa yara ninƙaya da harbi da hawan doki, amma in an zo kan 'ya mace sai a ce ba kayan da za ta sa. To ga teloli cike da gida, mu ɗinka.

Dr_Hauwa_K:
Allah ya jiƙansu da rahama. Sai dai in ƙara, a hatsarin jirgin ruwa rigar kariya ce take ceton rai fiye da iya ninƙaya, don gwani ma yana gajiya, ko wani ya riƙe shi su nutse tare. A nemi duka biyun. Kuma kayan da muke magana ba sa ɗaga mutum a ruwa, kar wata ta ɗinka wa yarinya ta ɗauka ta tsira.

Admin_Hajiya_Turai:
Amin ya Allah. 'Yan uwa magana ta yi daɗi kuma kowa ta yi ladabi, na gode. Amma mu dawo kan tambayar Maman Ilham, har yanzu ba a yi bayanin shafi da roba ba.

Anti_Bilki_Kano:
To Hajiya. Shafi dole ne a gaba da hantsa, in yadin mai haske ne har baya. Kuskuren da ake yi shi ne a sa shafin atamfa. Shafin ma sai mai talewa kamar na wajen ko fiye, in ba haka ba ya riƙe kayan ya hana su miƙewa. In ba ki samu na musamman ba ki ninka yadin kansa. Ki yanka su daidai da juna, ki kafa su tare a gefe, ki ɗinka kamar abu ɗaya.

Ga masu ƙirji, ki yi 'yar rigar mama a jikin shafin: shafin gaba ya tsaya a ƙarƙashin ƙirji, ki sa masa faffaɗar roba mai inci ɗaya. In kina son soso ki bar ƙofa a gefe yadda za ki riƙa cire shi, don yana riƙe ruwa, ya daɗe bai bushe ba.

Roba ta wuya da hammata siririya ce, kamar santimita ɗaya. Ki auna zagayen wurin a jikin kayan, ki yanke robar ta gaza da kusan kashi ɗaya cikin goma. Ki raba wurin huɗu, robar huɗu, ki haɗa da fil. Ki ɗora ta a bakin yadin ta ciki ki bi da zigzag, robar kawai za ki ja, kar ki ja yadin. Sai ki naɗe ciki sau ɗaya ki sake bi ta waje. Ga wadda za ta yi mai yankakkiyar cinya, kar ki ja robar a gaba, duk jan ki kai shi baya ƙarƙashin mazaunai, nan ne ake so ya kama.

Zee_Fashion22:
Robar wando ta kasuwa za ta yi?

Hajiya_Mai_Yadi:
Za ta yi na ɗan lokaci, amma kilorin da ake zuba wa ruwan yana cinye ta, ki ga ta saki ta zama igiya. Akwai ta musamman, shimfiɗaɗɗiya kamar an yanko daga balan-balan mai kauri, fara ko baƙa, ba saƙa a jikinta. Masu kayan ɗinkin rigar mama sukan ajiye. In za ki riƙa shiga sau biyu a mako kamar Maman Ilham, yadin ma foliyesta ya fi nailan jure kilorin, ko da yake nailan ya fi laushi.

Ramatu_Nima:
Gaisuwa daga Ankara ta Gana. Mu teku ne a kusa da mu, gishiri da rairayi su ne namu. Dabarar da nake yi, ina sayen manyan kayan ninƙaya na gwanjo a Kantamanto, masu girman gaske, in farke su in yanka wa yara. Yadin na asali ne kuma da robarsa. Sai dai ki ja ki saurara, in kin ji yana ƙara kamar busasshen ganye, robar ciki ta mutu. Shafin hantsa kuwa kullum sabo nake sawa, kuma sai na wanke sosai.

Ummu_Sudais:
Wannan dabarar ta yi min, Kofar Wambai zan nufa. Na yarinya 'yar shekara bakwai ai babba ɗaya ya isa.

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum, na dawo da labari bayan kwana tara. Na samu yadi ruwan bula mai duhu, na bi tsarin Sadiya, har ƙasan gwiwa da zif a gaba. Da na zo yanka sai zuciyata ta ƙi, na rage inci biyu kawai maimakon huɗu, na ce in ya matse ba ni da yadda zan yi. Mai wibin ya haɗa min, maƙwabciyata ta ara min kekenta na yi zigzag. A ɗaki ya zauna kamar a jikina aka halicce shi, kafaɗa lafiya lau, karon farko. Da na shiga ruwa ranar Asabar sai ga maganar Anti Bilki, ya saki a baya da ƙugu, ina jin ruwa yana kai da komo a ciki. Na dawo na cire inci ɗaya a kowane gefe, ranar Laraba ya zauna daram. Saura abu biyu: wuyan yana ɗan buɗewa ta baya in na miƙa hannu, kuma zif ɗin ya yi tudu kamar igiyar ruwa. Ciwon bayan kuma alhamdulillahi, na fara samun barci.

Anti_Bilki_Kano:
Masha Allah, barka ƙanwata! Gara da kika yi ragin a hankali, wanda ya yi yawa ana ragewa, wanda ya gaza sai sabon yadi. Wuyan robar ce ba ta ja sosai ba, ki farke bayan kawai ki rage mata inci ɗaya. Zif kuma yadin ne ya miƙe lokacin da kike ɗinkawa, shi zif ba ya talewa. Ki farke, ki manna siririyar gam-ste, ƙyallen nan mai gam da yake hana yadi miƙewa, a bakin yadin da dutsen guga mai ɗumi kaɗan, ki sa ƙyalle a tsakani, ki kafa da hannu kafin ki hau keke.

Fati_Mai_Wibin:
A kula da gugar nan, wuta kaɗan ta yi yawa laikira ta narke ko ta yi ƙyalli. Ki fara gwadawa a ragowar yadi.

Sadiya_Abuja:
Na ji daɗi wallahi. Kar ki manta da wanki: da kin fito ki ɗauraye da ruwan sanyi tun a wurin, kar ki bar shi a leda har dare. Sabulu mai laushi, ban da bilic, ban da murɗawa, ki matse a cikin tawul ki shanya a inuwa. Ranarmu tana kashe roba. Nawa na farko a igiyar tsakar gida ya mutu. Mun je Yankari bara na shiga ruwan Wikki da na biyun, ruwan nan mai ɗumi da ba ya canjawa dare da rana, ga shi garau har ƙasa kana gani, a nan na gode wa Allah da na ninka shafi.

Ummu_Abdallah_01:
Allah ya ƙara lafiya Maman Ilham. Ni dai har yanzu ina ganin a ɗora rigar saman ko da mata ne zalla. In kin yi ta ki turo min awon, ƙila in gwada wa ƙanwata.

Dr_Hauwa_K:
Ummu Sudais, kafin ki je gwanjo: na yara a zaɓi launi mai ƙarfi, ruwan lemo, ɗorawa mai haske ko ja mai kukan gaske. Shuɗi da fari da toka suna ɓacewa a cikin ruwa, in yaro ya nutse ba a saurin hango shi. Na Maman Ilham babba ce kuma da mai koyarwa a kanta, ba damuwa.

Hadiza_Yamai:
To ni nawa keken na hannu ne, kuma unguwarmu mai wibin ɗaya ne, namiji, ina jin nauyin kai mishi irin wannan kaya. Inna, in na bi hanyarki ta layi biyu, hantsar ma haka zan yi mata ko in bi ta da allurar hannu?

Inna_Tela_Gusau:
Ki yi layi biyun, sannan ki bi da hannu kina komawa baya a kowane taku, zaren foliyesta ninki biyu, kar ki ɗame shi. Ki sa ki tsuguna ki tashi sau goma a ɗaki kafin ki je ruwa. In kin ji ƙara ki faɗa min a ina ne.